Muryoyin Zango: Wa Zai Karɓi Amshi a Nima da Mamobi?

Gana ƙasa ce da ta ɗauki waƙar taro da daraja. Kusan kowace majami'a tana da ƙungiyar mawaƙanta, da riguna iri ɗaya, da ranar gwaji a mako, da malamin da ke tsayawa gabansu yana ba su kari da hannu. Makarantun sakandare suna gasa a kai, gidajen talabijin suna nunawa. Ephraim Amu, malamin kwalejin horon malamai ta Akropong wanda ya fara tsara wa ɗalibansa maza waƙoƙi da harsunan gida tun ƙarshen shekarun 1920, ya samu girman da har aka buga hotonsa a tsohuwar takardar kuɗi ta sidi 20,000. Duk wannan abin yabo ne. Sai dai in masana da hukumomin al'adu suka zauna lissafin masu haɗa murya a ƙasar, lissafin yakan tsaya a wannan gefe na babban titin Kanda na birnin Akra, ba ya tsallakawa zangunan Nima da Mamobi.

Alhali a can akwai mazan da suke haɗa murya tun kafin a shimfiɗa titin. Su ne 'yan Ishiriniya, da masu karatun diwani, da 'yan zikiri, da 'yan amshin sha'irai. Ba su da rajista, ba su da hatimi, yawancinsu ko suna ba su da shi, sai dai a ce yaran zawiyar Malam wane. Amma hidimar da suke yi wa unguwa ta kai ta kowace ƙungiya mai shugaba da sakatare. Lokaci ya yi da mutanen Zango za su daina ɗaukarsu kamar ruwan sama, abin da ke zuwa da kansa ba tare da wani ya yi ɗawainiyarsa ba.

Mai son ganin abin da idonsa ya bari watan Rabi'ul Awwal ya tsaya, ya bi lungu bayan sallar isha'i. A ƙofar masallaci ko a tsakar gidan haya za a shimfiɗa tabarmi, maza su yi da'ira. A tsakiya ga butar shayi, ga farantin goro, ga littattafai masu takarda ruwan ɗorawa waɗanda gefensu ya yi baƙi don yawan buɗawa. Dattijon da zai ja baƙi ba ya ko duba nasa. Zai yi gyaran murya, ya saki layin farko a hankali, ya ja ƙarshensa, kafin numfashinsa ya yanke sauran sun karɓe. Masu kaurin murya suna daga baya suna riƙe ƙasa, samari masu zaƙin murya suna hawa sama, yara biyu uku da suka tsere wa barci suna gefe suna cafke ƙafiya kawai, don ita suka riga suka gane. Ba ganga, ba fiyano. Abin da ke riƙe kari shi ne kafaɗun da ke rausayawa tare da tafin hannu da ke sauka a kan gwiwa. In wani saurayi ya yi gaba ya bar jama'a, dattijon ba ya tsayar da karatu. Yakan miƙa hannu ya taɓa masa gwiwa, sai an kai ƙarshen harafi ya ce, "Ɗana, sassauta mana, ka riƙa jin na kusa da kai." Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba."

Abin da suke karantawa ya kusa shekara 800 a duniya, ko ma ya wuce. Ishiriniya waƙar yabon Manzon Allah (SAW) ce ta Abdurrahman Alfazazi, malamin Andalus wanda ya rasu a 1230. Ya jera ta bisa haruffan Larabci, ƙasida 29, kowace da baiti 20. Daga baya Ibn Muhibu ya yi mata tahamisi, ya ƙara layi uku a gaban kowane baiti, ta zama mai ƙwar biyar. A wannan siffa ta ratso Sahara ta zauna da gindinta a garuruwan ilimi na Afirka ta Yamma, har ta zama littafin da ɗalibi ke bi ta kansa in yana son ya ƙoshi da lugga. Abdullahi ɗan Fodiyo ya lissafa ta cikin littattafan da ya karanta a gaban yayansa Shehu Usmanu. Wato yaron da ke kama ƙafiya a lungun Mamobi yana kan layi ɗaya da Abdullahin Gwandu, ko da bai sani ba.

Hanyar goro ce ta kawo ta nan. Fataken Kano da Katsina da Kabi da ke zuwa Gwanja ba sa tafiya ba malami, kuma duk inda ayari ya yada zango na dindindin sai an kafa masallaci, an naɗa limami, an buɗe makaranta. Salaga ce babbar matattara, har yaƙin basasa na 1892 ya watsa mutanenta zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi da bakin teku. Cikin waɗanda suka bar ta akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna Kete-Krachi har rasuwarsa a 1934. Ya yi waƙa da Larabci da Hausa a kan zuwan Turawa, a kan talauci da wadata, a kan annobar da ta biyo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma almajiransa sun bazu cikin zanguna da waɗannan waƙoƙi a ka. A zamanin da ba rediyo, ba jarida da harshen jama'a, waƙar da aka haddace aka rera a taro ita ce ke kai labari da hukunci da gargaɗi daga wannan gari zuwa wancan.

A Akra, Malam Nenu ya kafa Zangon Malam a ƙarni na 19, ɗansa Malam Bako ya buɗe Sabon Zango a farkon shekarun 1910. Nima ƙanwarsu ce. A farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa ya samu fili daga hannun iyalan Odoi Kwao na ƙabilar Ga, sannan Yaƙin Duniya na Biyu ya cika wurin da leburori da masu gadi da kukun Turawa da sojojin da aka sallama. Mamobi ta tsiro a gefenta. Sai kuma wata igiyar ta zo a farkon shekarun 1950, lokacin da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ya fara ziyartar ƙasar. Failarsa ta zo da diwanin yabo da ake rerawa a taro, ta cika zawiyoyi da samari, ta mayar da hailalar yammacin Juma'a abin da ake jiyowa daga bakin titi. Daga nan manyan tarukan Mauludi suka bunƙasa, irin na Prang da ke da alaƙa da Shehu Abdullahi Maikano Jallo wanda ya rasu a 2005, da na Fadama a gidan Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, wanda ya zama babban limamin ƙasa a 1993. Mai kallon waɗannan taruka yakan ga manyan baƙi a kan kujerun gaba, amma mazan da ke zaune a ƙasa suna amshi su ne ke ɗauke da daren tun daga isha'i har asuba.

Me ya sa maza baƙi, masu aikin ƙarfi, a garin da ba nasu ba, suke neman juna don su haɗa murya? Tambayar ba ta Zango kaɗai ba ce. A yankin Wales na Birtaniya, shahararrun ƙungiyoyin mawaƙa maza sun fito ne daga garuruwan haƙar kwal da ƙera ƙarfe, inda dubban maza suka baro ƙauyukansu suka cunkushe a kwari ɗaya. Mawaƙan Treorchy, na kwarin Rhondda, sun rera waƙa a gaban Sarauniya Victoria a 1895, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sake kafa ƙungiyar a 1946 da mahaƙa da tsoffin sojoji. An rufe ramukan kwal ɗaya bayan ɗaya, babban ramin ƙarshe ya rufe a 2008, amma ƙungiyoyin suna nan suna haɗuwa duk mako, suna tara kuɗin asibiti, suna raka gawar ɗan'uwansu da waƙa. A Afirka ta Kudu ma haka ne. Salon da ya fito da Ladysmith Black Mambazo ya girma ne a gidajen kwanan leburorin Zulu a Durban da Johannesburg, inda mazan da dokar wariya ta raba da iyalansu suke kwana suna gasar waƙa ba tare da kayan kiɗa ba a daren Asabar.

Nima ta fi waɗannan wurare buƙatar abin, domin a can yawanci harshe ɗaya ake yi, a nan kuwa gida ɗaya yana iya ɗaukar Bahaushe da Bazabarme da Bakotokole da Bamoshe da Badagombe da Bafulatani da Bayarabe, kowa da sarkinsa, kowa da ƙungiyar 'yan garinsu. Sahun salla yana haɗa su, amma minti kaɗan ne, kuma ba a magana. Da'irar karatu kuwa takan ɗauki sa'o'i, ana shan shayi, ana gyara wa juna, ana sanin wanda bai zo ba. A wannan da'ira ba a tambayar ƙabila, ba a tambayar aljihu. Ɗan dako mai murya da hadda yana iya jan baƙi, maigidan da yake haya a wurinsa yana yi masa amshi. Wannan juyin matsayi na dare ɗaya ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya wuni ana kiransa da "kai" a kasuwa. Lokacin da gwamnatin Busia ta fitar da dokar korar baƙi marasa takardu a ƙarshen 1969, zanguna sun wayi gari gidaje sun zama kango, maƙwabta na shekaru sun hau manyan motoci zuwa Najeriya da Nijar da Togo. Waɗanda suka rage sun sake ɗinke unguwa ne a kan abubuwan da ba a iya lodawa a mota, wato masallaci da makaranta da majalisin karatu.

Har gobe su ake nema in abu ya faru. Ranar suna su ne ke zuwa da sassafe, ranar ɗaurin aure su ne ke raya rumfa kafin limami ya iso, ranar saukar Alƙur'ani su ne ke raka yara. Wurin da aka fi ganin amfaninsu shi ne gidan rasuwa. A sadakar uku ko ta bakwai ko ta arba'in, in an gama sauka da addu'a, akwai wani shiru mai nauyi da ke sauka a kan masu makoki, kuma waɗannan maza ne suka san yadda ake ɗaga shi da salati a hankali ba tare da an keta alfarmar wurin ba. Ba a koyon wannan a littafi. A bayan fage kuma akwai asusun da ake zubawa kaɗan-kaɗan, wanda ake buɗewa in ɗan da'ira ya kwanta asibiti ko matarsa ta haihu. Akwai tela da zai ɗauki ɗan wani koyon ɗinki don tare suke amshi, akwai direban da zai ji labarin aiki ya tuna da wane. Matan Zango suna da nasu ƙungiyoyin, a makarantun Islamiyya da wuraren biki, kuma sau da yawa sun fi maza tsari da riƙon asusu. Amma ga namiji talaka a birni, wuraren da zai zauna da sa'annin mahaifinsa a yi abu ɗaya tare ba tare da ciniki ko siyasa ba, ba su da yawa.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ba a cika lura da ita ba. Hausa ce harshen titi a Nima, gidan rediyon ƙasa yana watsa shirye-shirye da ita, matasan unguwar irin su ƙungiyar VIP sun shigar da ita cikin waƙar zamani har ta zaga ƙasa. Duk da haka ba ta cikin harsunan da gwamnati ta zaɓa a koyar a makarantun boko. Yaron Zango yana jin Hausa, yana cinikayya da ita, yana faɗa da ita, amma ba inda ake zaunar da shi a nuna masa zurfinta. Inda yake haɗuwa da Hausa mai nauyi, mai tsofaffin kalmomi da awon baiti, shi ne wurin fassarar Ishiriniya da waƙoƙin bege da na wa'azi. In wannan kafa ta toshe, abin da zai rage masa Hausar sayen koko da ƙosai ce, wadda ba ta isa ta ɗauki tunani mai tsawo ba.

To kafar tana toshewa, kuma ba maƙiyi ne ke toshe ta ba. Lasifika ce ta fara. Da aka samu na'urar ƙara murya, mutum ɗaya ya iya cika fili shi kaɗai, sai buƙatar mutum ashirin ta ragu. Sannan sutudiyo ta zo da fiyano da na'urar gyaran murya, waƙoƙin sha'iran Kano suka cika wayoyi, kowane saurayi mai ɗan zaƙin murya ya fara mafarkin zama tauraro mai hotonsa a fosta. A taruka da yawa yanzu za ka ga sha'iri ɗaya riƙe da makirufo, kiɗa na fita daga kwamfuta, 'yan amshi biyu suna gefe kamar an aro su, jama'a kuwa sun ɗaga wayoyi suna ɗauka maimakon su buɗe baki. Liƙi ya zama ma'aunin wanda ya iya. In ɗan siyasa ya shigo, sai a yanke ƙasida a tsakiya a koma kiran sunansa da na iyayensa, kuma a shekarar zaɓe abin yakan kai inda mai kunya zai sunkuyar da kai. Ba laifi ba ne sha'iri ya ci abinci da muryarsa, kuma cikin masu sabon salon akwai gwanaye na gaske. Amma taron da a da kowa ke da baki a ciki yana komawa kallo, kuma kallo ba ya buƙatar a san juna.

Ƙarar ma ta zama abin magana tsakanin Zango da maƙwabtansa. A 2018 ministan muhalli na lokacin, Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng, ya ba da shawarar a riƙa kiran salla ta saƙon waya ko WhatsApp don rage hayaniya, Musulmi suka yi masa ca, kuma suna da gaskiya, kiran salla ba abin ciniki ba ne. Amma manyan lasifikoki huɗu a lungu har asuba, kusa da ɗakin mai jego da na tsoho marar lafiya da na ɗalibi mai jarrabawa, wannan ba kiran salla ba ne, kuma babu wanda ya wajabta shi. Duk shekara sarakunan Ga suna hana kiɗa da hayaniya na wata guda kafin bikin Homowo, dokar da ta fi shafar ganguna da lasifikokin waje. Da'irar da ta dogara da ƙirjin mutanenta ba ta rasa komai a wannan wata. Wadda ta dogara da janareta ita ce ke yin shiru.

Asarar da ta fi ciwo ba a jinta, domin a hankali take faruwa. Kalmomin Ishiriniya da Burda da diwani suna cikin littafi, ana sayar da su a ƙofar kowane babban masallaci. Karin da ake rera su da shi ba ya cikin kowane littafi. Wani dattijo ya ɗauko nasa daga malaminsa na Kumasi, shi kuma daga wani mutumin Salaga, shi kuma daga Kano ko Katsina, kuma a hanya harshen Zango ya lanƙwasa shi ya ba shi ɗanɗanon da ba za a ji a Kano ba. Akwai karin da ake buɗe dare da shi, akwai na lokacin da ido ya fara nauyi, akwai wanda ba a fito da shi sai a gidan rasuwa. Duk ranar da aka kai irin wannan dattijo makwancinsa ba tare da wani ya zauna gabansa ya karɓa ba, an binne har da karin, kuma babu kuɗin da zai tono shi.

Wani zai ce ai gara haka, tunda a wurinsa Mauludi da zikirin taro bidi'a ne. Wannan saɓani tsoho ne a Gana, kuma ya taɓa kai wa ga jifa da zubar da jini tsakanin 'yan Tijjaniyya da Ahlus Sunna a garuruwa da dama kafin manya su shawo kansa. Hukuncinsa na malamai ne, shafin jarida ba zai yanke shi ba. Amma akwai abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai ko ba su faɗa ba. Afa Ajura na Tamale, wanda ya kafa makarantar Anbariyya ya kuma shafe rayuwarsa yana sukar ɗariƙa, da waƙa ya isar da yawancin saƙonsa cikin harshen Dagbani, almajiransa suna haddacewa suna rerawa. A makarantun da ba a yin Mauludi ma, da kari yara ke haddace baitocin tajwidi da nahawu, malami na bayarwa suna karɓa. Kowa ya san cewa abin da aka rera tare ya fi zama a zuciya. Wanda bai yarda da wannan ƙasida ba yana da wasu da ya yarda da su, kuma samarinsa ma suna buƙatar wurin zama da horo.

Maganar samari ce ma ta sa batun ya wuce na sha'awa. Nima tana alfahari da 'ya'yanta irin su Mohammed Kudus, wanda ya fara buga ƙwallo a filayenta kafin ya kai Ajax da Ingila. Amma ba kowa ne zai zama Kudus ba. Da yawa suna wuni a dandalin shan ataya da suke kira bes, kuma daga irin waɗannan wurare ne masu neman ƙarti a lokacin zaɓe ke ɗiba. A watan Janairun 2022 faɗan gungun matasa biyu da bindiga da adda a tsakanin Nima da Mamobi ya cika kafafen labarai, ya sake shafa wa dubban mutanen kirki baƙin fenti. Ba mai hankalin da zai ce Ishiriniya za ta maye gurbin aikin yi ko makaranta. Abin da take iya bayarwa ƙarami ne amma na gaske: dare biyu a mako da ake jiran yaro a wani wuri, dattijon da zai aika a tambaya in bai zo ba, da wata fasaha da zai wahala a kanta har ranar da za a ce ya ja baƙi, unguwa ta ji muryarsa ta san shi da wani abu ban da rigima. Shi kansa bes ɗin ba abokin gaba ba ne. Samarin da suka iya haɗa kuɗin shayi da sukari kullum, suka iya ɗinka anko ranar Salla, sun riga sun san tsari, abin da za a zuba a ciki ne babu.

Ba sai an je Turai neman misali ba. A Senegal 'yan Muridiyya, almajiran Shehu Ahmadu Bamba, sun mayar da rera ƙasidunsa fanni mai zaman kansa. Ƙungiyoyinsu suna da ranakun gwaji, suna da malaman kari, suna da rukunin yara da na manya, suna ɗaukar karatunsu da na'ura mai kyau, kuma duk inda ɗan Muridiyya ya yi ƙaura, Paris ko New York, yakan tarar da da'ira tana jiransa. Ba su sa fiyano ba, ba su canza baitin shehinsu ba, tsari kawai suka ƙara. A Kano ma maukibin Ƙadiriyya da Shehu Nasiru Kabara ya raya ya nuna yadda rukunonin masu bandiri da bege ke zama makarantar ladabi ga dubban yara, kowane rukuni da tutarsa da jagoransa.

Kayan aikin kuma suna nan kusa, wasu ma da ƙafa ake zuwa. A Kanda ne hedikwatar gidan rediyo da talabijin na ƙasa take, mai sashen Hausa da ɗakunan ɗaukar murya. A Kanda ne babban masallacin ƙasa da Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, mai ɗaukar mutum 15,000, da harabar da za ta iya karɓar taron shekara-shekara inda da'irorin Nima da Mamobi da Sabon Zango da Fadama da Madina da Ashaiman za su zo su rera ba tare da kiɗan kwamfuta ba, dattawa su saurara su gyara. A Legon, Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana tana da taskar muryoyi mai ɗauke da sunan Farfesa J. H. Kwabena Nketia, da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da aka tattaro daga hannun malaman ƙasar tun shekarun 1960. Majalisar dokoki ta kafa Asusun Raya Zanguna a 2017, kuma raya al'ada na cikin abin da ya kamata kuɗinsa ya taɓa, ba kwalbati da filin ƙwallo kaɗai ba. Sai dai duk wanda zai ɗauki muryar dattawan nan ya zo da takarda a rubuce, a san mai abu. Solomon Linda, mawaƙin Afirka ta Kudu wanda ya yi waƙar Mbube a 1939 da ƙungiyarsa ta maza, ya mutu a talauce a 1962 alhali waƙarsa tana tara wa kamfanonin waje dukiya, sai a 2006 'ya'yansa suka samu sulhu. Kada a maimaita wannan a kan malaman Zango.

Amma kafin gidan rediyo ko jami'a ko asusun gwamnati su motsa, aikin farko na cikin gida ne, kuma ba ya buƙatar izinin kowa. Limaman unguwa da sarakunan Zango da masu zawiyoyi sun san dattawan da suka rage da tsohon kari, suna iya lissafa su da suna. A ware musu la'asar ɗaya a mako a ɗakin da ba hayaniya, a zaunar da samari biyar ko shida a gabansu, a ajiye waya mai kyau a tsakiya. Kafin a fara, dattijo ya faɗi wurin wanda ya karɓa da garin da ya karɓa, a rubuta, kamar yadda ake yi wa kowane ilimi mai daraja. Masu hali da ke liƙa wa sha'iri kuɗi a dare ɗaya su ɗauki nauyin shayi da kuɗin mota da ɗan abin sa wa a aljihun malamin. Makarantun allo da na Islamiyya su buɗe wa yara maza rukuni tun suna ƙanana, kafin murya ta fashe kunya ta shigo. Ƙasidun Ishiriniya 29 ne. In aka ɗauki ɗaya kowace Juma'a aka fara bayan Mauludin bana, za a kai ƙarshe kafin wata bakwai, da sauran lokacin da za a maimaita wa sababbin samarin kafin Rabi'ul Awwal na baɗi.